Ƙasusuwan Matan Gidanmu

Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Ya ƙafa?

An auna ƙashina a asibiti. Likita ta ce tun da na kai shekarun da mata ke daina haihuwa ya fara rauni. Ta sa ni tafiyar safe, da ɗaga ƙarfe sau uku a mako, da shan madara. Akwai kuma allurar da take tunanin fara mini, amma sai ta san ko a danginmu akwai macen da ta taɓa karyewa ba tare da wani haɗari ba. Kai kaɗai ka rage da ka san su duka.

Allah ya ƙara girma.
'Yarka.

Uwata,

Na amsa gaisuwa. Maƙwabcina tela ne ke rubutawa, ni ke faɗa, kuma na hana shi gyara mini magana.

Ɗaga ƙarfe! Mace mai jika biyu! In ƙarfe kike marmari, zo ki fitar mini da tsohuwar ƙofar da ke jingine a bayan gida. Ita likitar nan shekarunta nawa? Na tabbata takalmina ya girme ta. Boko dai ya hana ku aiki, yanzu yana sayar muku da gumi.

Mu gidanmu ba a karyewa. Mahaifiyata da kika ci sunanta ta ranƙwafa har ba ta ganin komai sai ƙafarta, wannan tsufa ne. Babbar goggonki wuyan hannunta ya karye tana matse wanki, bargon ne mai nauyi, ni na saye shi. Ƙaramar kuwa tari ta yi haƙarƙari biyu suka tsage, tarin shekarar nan ba wanda bai jijjiga ba. To ina laifin ƙashi a nan?

Ki gaida maigidan, in bai gudu ba.
Mahaifinki.

Baba,

Ina gaisuwa. Maigidan yana nan, shi ke ƙirga mini in ina ɗagawa.

Na karanta wa likita wasiƙarka. Ta ajiye biro. Ta ce mutum uku ke nan, amma na uwa shi ya fi nauyi a wurinta. Baba, ka lissafo kowa ban da Inna. Lokacin ina aiki a nesa, ka ce zazzaɓi ne ya kwantar da ita wata bakwai. Da na zo na tarar ba ta ko iya juyawa. Ranar Litinin ta sama zan koma asibiti.

Ka yi haƙuri da ni.
'Yarka.

Uwata,

Gaisuwa. Ashe maganata ta zama jarida, ana karanta wa baƙi? Yarinyar da ba ta taɓa ɗaukar tulu ba ita za ta tono mini matata? Abin da na faɗa shekara ashirin da suka wuce shi na faɗa. Ki sha madararki, Allah ya ba saniya haƙuri.

Mahaifinki.

Uwata,

Ina gaishe ki. Tela ya ce ba zai aika waccan ba sai na ƙara wani abu. Kwana biyu ba ma ga maciji. Ga su duka biyun.

Ba zazzaɓi ba ne. Daga bakin gado ta sauko da safe, ƙafarta na taɓa ƙasa na ji ƙarar daga inda nake zaune. Ƙugunta ne. Ba ta ma faɗi ba tukuna. Ta ce a kai ta asibiti, na ce targaɗe ne, na sayo man zafi. Ba ta sake tsayawa ba.

Shekararta hamsin da takwas a lokacin. Ke yanzu hamsin da huɗu.

Ki ce wa yarinyar ta yi allurar. Ban ce ta san komai ba.

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifinki.