Ordinatar da ta koma salula

Allakaye, daren Laraba

Hannuna na ciwo amma barci ya ƙi.

Yau ce ranar jarrabawar ungozoma da nake karatunta ta intanet, wadda in na ci za a maida ni Tawa kusa da ƴaƴana. Da hantsi na kunna ordinatar, wato kwamfutar asibitinmu, sai shafin ya buɗe wani iri, kamar na salula, wayar hannu: tambaya guda ta cika gilashin, wurin aika amsa ya ɓace. Na kashe, na kunna. Banza. Na so in hau kabu-kabu zuwa Buza in nemi wata ordinatar, anka ce ƙorama ta kawo ruwa, ba mai wucewa.

Na kira Yaya Sani a Tawa. Ya ce, "Hadiza, goge tarihin shafukan tukuna." Na goge, ba abin da ya canza. Rezo ya ɗauke, kiran ya katse. Ga mata sun cika benci da jarirai suna jiran awo, dole na tashi.

Sai bayan la'asar Manjo, shugabanmu, ya leƙo ya ce, "Af, ni na ƙara girman rubutun jiya, tabarauna ya karye." Ya danna maɓalli biyu, shafin ya dawo daidai. A sama an rubuta an ruhe jarrabawar tun azahar.

Tsohon ya riƙe baki yana "Ki gahirce ni, ɗiyata." Na ce ba komi. Me zan ce mashi?

Ɗazu autata Nana ta kira tana tambaya yaushe zan dawo gida. Na ce mata baɗi.