Ƙofar da Na Bari a Buɗe

Zuwa ga yayata Odessa,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki Clovis da yara. Ina fatan ƙafar Mama ta yi sauƙi, kuma ta daina hawa kujera tana sauko da tukwane da kanta, ko da yake na san hana ta sai Allah. Ubangiji ya ƙara muku lafiya, ya tsare ku daga guguwar bana. Ni jikina da sauƙi, sai kafaɗar nan da kuka riga kuka sani. Za ki yi mamakin ganin takarda maimakon waya. Sau biyu ina ɗaukar wayar ina ajiyewa, don na san da na ji muryarki zan ce komai lafiya, mu yi dariya mu rabu.

Kin sha yi mini tsiya cewa shekara tara ina wasan ƙwallon Amurka, irin ta runguma da kokawa, amma ba ki taɓa ganin komai nawa a talabijin ba sai ɗuwawu. Gaskiyarki ce, kuma aikin ne ya gaji haka. A tsarin tsaron da muke bi tun zamanin Koci Haskell, mu uku ne a gaba, huɗu a bayanmu. Ni ne na tsakiyar ukun, hancina a hancin mai miƙa musu ƙwallo. Ƙofa biyu ce a wuyana, wato giɓin da ke damansa da wanda ke hagunsa, kuma ba a so in shiga ko ɗaya. Nawa in kafe, in rungumi ƙarti biyu waɗanda kowannensu ya fi firijinki nauyi, in hana su wucewa, don wanda ke bayana ya sami fili ya je ya kayar da mai gudu da ƙwallo. Wanda ke bayan nan nawa shi ne Dorsey Pettway, wanda na zo da shi gida Kirsimetin da ya cinye miki tukunyar miyar gumbo. Shekara takwas sunansa ake kira a lasifika, ni ina ƙasa ana zaune a kaina, kuma wallahi ban taɓa jin haushi ba. Kafin kowane wasa sai ya ƙwanƙwasa mini hular kwano ya ce, "Ƙato, riƙe min su, ni in ci nama, kai ka sha romo."

Bana aka sallami Haskell, aka kawo Koci Brandt da nasa tsarin: huɗu a gaba, uku a baya, kowa ƙofa ɗaya, kada ka riƙe kowa, ka kutsa ka wuce. A baki abu ne mai sauƙi, amma jikin da ya shekara tara yana tsayawa ba ya jin magana. Da an miƙa ƙwallo hannuwana sun cafke mutum biyu kafin in tuna. Wata rana a ɗakin da muke kallon bidiyon wasa, Brandt ya tsayar da hoto a gaban kowa ya ce, "Broussard, rawa kuke yi ko aurensu za ka yi? Ni ban ɗauki maigadi ba." Aka yi ta dariya, har da ni, don ban san me zan yi da fuskata ba. Bayan an watse ya ja ni gefe ya faɗa mini ba ɓoye-ɓoye: ranar Talata za a rage mu zuwa hamsin da uku, kuma idan bai ga na kutsa a wasan gwaji na ƙarshe ba, ba ni a ciki. Shekarata talatin da ɗaya, Yaya, kuma ban iya wani aikin ba.

Da na gaya wa Dorsey sai ya harare ni ya ce, "Kai dai an yi soko. Ka wuce abinka mana! Ni jariri ne da sai an goya ni?" Na ce to. Amma na san gudunsa ya ragu, na san gwiwarsa ta hagu ba ta son a zo mata ta gefe. Shekara biyu ke nan ina rufa masa asiri, ba mu taɓa yin maganar ba.

Ranar Asabar da rana aka yi wasan. A zagaye na biyu na rufe ido na kutsa, sai ga ni a kan mai jefa musu ƙwallo, na kai shi ƙasa. Filin ya ɗauki ihu, aka kira sunana a lasifika, na tashi ina dube-dube kamar baƙo a gidan biki. Ba a jima ba aka sake ba mu umarni iri ɗaya. Kafin a miƙa ƙwallo na kalli hannun mutumin da ke gabana, na ga ya danne ƙasa har yatsunsa sun yi fari. Duk wanda ya daɗe a wurin nan ya san ma'anar wannan: ba jifa za su yi ba, gudu ne, kuma mutumin nan kan Dorsey zai nufa. Da na tsaya da na riƙe shi, har da na kusa da shi. Na sani, Yaya, ba zan yi miki ƙarya in ce ban gani ba. Na tuna Talata, na wuce ta ƙofata. Su biyun suka tafi kansa, kuma ƙarar da na ji a bayana har yanzu tana kunnena.

Lahadi bayan an tashi coci na je asibiti. An ɗaure wa Dorsey ƙafar tun daga cinya, likita ya ce ya gama wasa. Da ya gan ni ya yi murmushi ya ce, "Ka ga irinta? Rana ɗaya tak ka bar ni." Can kuma ya ce, "Na ji an kira sunanka, Ƙato. Ashe kana da suna." Na so ya zage ni, da ya fi mini sauƙi. Amma duk zaman da na yi bango yake kallo. Matarsa Lorraine ta raka ni bakin ƙofa, ta ce da an sallame shi za su koma Alabama. Washegari a ɗakin bidiyo Brandt ya nuna wannan wasan, ya ce kowa ya koyi yadda Broussard ya kutsa, ya kashe hoton kafin a ga abin da ya faru a gefe.

Yau ce Talatar. Al'adarmu ita ce ka zauna kusa da waya har ƙarfe huɗu. Idan aka kira ka aka ce koci na son ganinka, ka zo da littafin dabarun wasa, to shi ke nan, an sallame ka. Na zauna a kicin tun safe. Huɗu ta wuce ba a kira ba, ina cikin hamsin da uku. Na dafa shinkafa da jan wake kamar yadda Mama ke yi, na ci a tsaye, ban san wa zan gaya wa ba. Kaɗaici ya ishe ni a garin nan. An riga an sa wani a bayana, ko sunansa ban gama riƙewa ba. Lahadi ta sama za a sake ba ni ƙofa ɗaya, kuma abin da ya fi damuna shi ne na san zan wuce.

Roƙona ɗaya ne. Idan Clovis zai iya da yara na kwana uku, ki zo. Ba sai kin je fili ba, ki dai zauna a gidan ki yi mini faɗa a kan kwanukan da ban wanke ba.

Ki gaida Clovis, da Renita da Alcide, da Gwaggo Verlene, da Fasto Guidry da mutanen coci. Mama ta bar mini saƙo cewa ta tara maƙwabta sun sake kallon wurin da aka kira sunana har sau uku. Kada ki nuna mata takardar nan. Idan ta tambaya, ki ce mata na sami shiga, kuma ina murna.

Ƙaninki mai kewarki,
Wendell