Giloi mai ƙuraje

Litinin, 12 ga Afrilu, 2021

Giloi ya ƙare kaf a kasuwar garinmu, Neemuch. Tun da korona ta dawo, wannan kurangar kowa ke nema, a dafa da citta da masoro a sha, wai tana tsare huhu. Shekara ashirin da biyu ina sayar da saiwoyi, sai yau na ga lauya a layi gaban shagona.

Alhamis, 15 ga Afrilu

Ghanshyam dillali ya kawo buhu shida. Ya fi wanda na sani kauri, jikinsa duk ƙuraje, ɗaci kamar ya tsinke harshe. Na ce, “Kai ɓarawo, mene ne wannan?” Ya ce, “Bansi, ƙanin giloi ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Za ka saya ko in ƙara gaba?” Na saya.

Kafin rana ta yi tsaka na ƙera masa tarihi. Kowa ya san giloi da ya hau bishiyar maina ya fi ƙarfi. To ga shi: ɗacin na maina ne, ƙurajen shaida. Har rububi ake. Na gida kuwa na ware daga ɗan tsohon kayan da na ɓoye, mai santsi. Ni ba wawa ba ne.

Juma'a, 14 ga Mayu

Idanun Sulochana sun yi rawaya kamar kurkum. Matata da ko mura ba ta yi!

Asabar, 15 ga Mayu

Asibiti. Ba korona ba ce, hanta ce. Likitar, yarinya ƙarama, ta ce, “Mama, me kike sha a gida?” Sulochana ta kwance bakin zanenta na sari ta miƙa mata guntu.

Mai ƙuraje.

Na ce a ina kika samo? Ta ce, “A shagonka mana, ranar da na kai maka abinci. Da kunnena na ji kana gaya wa matar alƙali shi ne na maina. Na ce, wato mai kyau na manya ne, mu a gida sai ragowa?” Kofi uku take sha kullum, kusan wata guda. Ran Litinin da take azumin barin abinci ma, a cikin da babu komai. Nawa kofin a bayan gida nake juyewa, ni ba na son ɗaci.

Shekara ashirin matar nan ba ta taɓa yarda da maganata ba, ko cewa na yi ana ruwa sai ta leƙa. Sai wannan!

Likita ta juya guntun ta ce ba giloi ba ne, kama ce kawai. Na gasken ma, ta ce, ba a tabbatar yana maganin korona ba. “Wa ya sayar muku?” Na ce wani ne a kasuwa. Sulochana ta dube ni.

Litinin, 17 ga Mayu

Ba ta ci komai ba. Wayar Ghanshyam a kashe.

Laraba, 19 ga Mayu

Na buɗe ɗakin ajiya. Buhu ɗaya da rabi ya rage. Sauran suna cikin tukwanen mutane.

Asabar, 22 ga Mayu

Ina ɓare mata lemo ta ce, “Baban Mithu, ka sani?” Na ce ban tabbata ba, kasuwa ce, kowa ma— Ta ce, “Ba shi na tambaye ka ba.” Ta juya wajen bango. Ni da nake sayar wa mai sanƙo man gashi, sai ga ni ina ta ɓare lemo kawai.

Alhamis, 27 ga Mayu

Likita ta ce hantar ta ɗan fara saukowa. Ɗan.

Da safe na zaga gari a babur. Ba wani abu, iska nake sha. Gida goma sha ɗaya dai na tsaya, ina gaisuwa ina kallon ƙwayar idon mutane, in karɓo abin da ya rage. Matar alƙali ta ce, “Bansi, lafiya? Ba kai ka ce na maina ne ba?” Na ce ni na faɗa. Ta ce in na ɗauke, me za su sha?

Na ce ban sani ba, uwar ɗaki. Ta tsaya tana jira in ƙara wani abu. Na tada babur. Gobe unguwar tasha.