Bariki, Majami'a da Idon Hagu

Tawa, ran Talata

Zuwa ga ƙanena Labo, a Bazaga,

Gaisuwa mai yawa. Ina lahiyarka, ina iyali, ina A'i da ƙafarta? Ɗana Tanimun ne ke rubutawa, kuma na ce ya sa kowace magana yadda ta fito, ko da shi nake zagi.

Da wayo ya ɗora ni motar simintin Malbaza, wai in ga ƙasa kafin yanar nan ta gama rufe mini ido. Na san asibitin 'yan mishan ya nufa da ni. Na gaya masa Nasara ba zai sa mini wuƙa a ido ba. Abu guda ya sa na biyo shi: tsohon barikin soja da gardawa, dogaran Nasara, suka kwashe mu tilas muka ɗauko wa dutse, shekarar da geron Baba ya lalace a gona don ba mai girbe shi. Na zo in tofa masa yawu.

Labo, na dafa katangar. Na buɗe hannuwa a bakin ƙofa, ban kama kaurinta ba. Iska na busa ta ramukan bindiga. Tanimun ya ce wata babbar igwa na kwance, akuya ta haihu a gindinta, kuma Buzuwa ce ke shanya cuku a barandar kumandan. Wancan lokacin ba mu taɓa ɗaga kai ba, diddigen na gaba kawai muke kallo. Ashe abin da muka ɗora ke nan. Yaron ya hau da ni sama, ya ce daga nan ana hangen garuruwa har bakin sama. Ni fari kawai na gani. Yawun bai fito ba.

Wanka, Abarshi

Hanyar mishan, ran Alhamis

Labo,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lahiya, ka ji wannan daga bakina kafin masu tsegumi su kai maka: na shiga majami'a. Ruwan mota muka tsaya nema. Tsohon da ke gadin wurin, Ba'adare irinmu, ya ba ni buta na yi azahar a gindin itacen bedi, sannan ya ce ciki ya fi sanyi. Na tuɓe takalmi na shiga, ban yi musu komai na addininsu ba.

Ginin ƙasa ne, tun kafin yaƙin Jamus, amma da na yi tari sai ya daɗe yana yawo a sama kafin ya dawo mini. Ina lalube, wani abu ja ya faɗo mini a hannu. Na zaci jini ne. Na matsa, ya koma shuɗi, irin na rawani sabon fita daga marina. Rana ce ke ratsa tagar gilashi mai launi. Na daɗe rabona da ganin wani abu ban da fari da duhu-duhu. Na tsaya ina juya hannu har mota ta yi ta kira.

Na ce wa Tanimun na yarda su yi aikin, amma ido ɗaya, na hagu. In sun ɓata shi, na dama nawa ne. Kada ka ce na yafe geron Baba.

Abarshi

Asibitin mishan, ran Laraba

Ƙanena,

Ina gaishe ku duka. Jiya suka kwance ƙyallen da suka ɗaure mini ido da shi bayan aikin. Tuwonsu ba gishiri, likitan kuma Hausarsa kamar ta yaro, amma na ga zaren bargon da na rufa da shi ɗaya bayan ɗaya. Na ce a dawowa sai mun sake hawa barikin nan na ga garuruwan da kaina.

Da na ɗaga kai, wani dattijo na tsaye a kaina, gemunsa da furfura, yana kuka. Na tambaye shi ko wa yake nema.

Labo, me ya hana ku gaya mini Tanimun ya yi furfura?

Wanka, Abarshi