Hoton Mama da Baba Bai Sa wa Hannu Ba

Halab, farkon sanyi.

Zuwa ga Yayana Ghayas,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wasiƙar nan ta same ka lafiya, kai da Rima da yara a can Sao Paulo. Mu nan alhamdulillahi. An gama matsar zaitun, tarin Goggo Nahla ma ya yi sauƙi. Na sha fara rubutun nan ina yagewa, don ina tsoron ko ni ce nake girmama abin da bai kai ba.

Maganar Baba ce. Ka san ɗabi'arsa tun yana koyar da zane: duk hoton da ya sa wa hannu a kusurwa ya gama da shi ke nan, ko ƙuda ya maƙale a fentin ba ya cirewa. Wanda bai sa wa ba kuwa yakan ce ɗanye ne. Hotunan masu tsinkar auduga da suka fito da sunansa a Dimashƙa duk ya sa musu hannu. Na Mama, Allah ya jiƙanta, tana zaune gindin lemon tsakar gida, shi kaɗai ya rage bai sa wa ba. Hotunanta na kyamara kuwa sun ƙone tare da tsohon gidanmu.

Tun da yanar ido ta rage masa gani launuka suka rikice masa. Makon jiya na tarar ya sauko da hoton daga bango, wai kumatunta sun koɗe, zai ƙara mata jini. Yaya, koren fenti ne a burushinsa. Maƙwabcinmu Abu Haisam ya shigo shan kofi, ya tsokane shi cewa mutumin da ya yi wa tukunyar gas sallama bai kamata a bar shi da fuskar mace ba. Baba ya yi dariya, ya ce komai duhun dare hannu ya san hanyar baki. Ni kuma ya kira ni uwar tsoro.

Na ɓoye burusan, sai ya koma shafawa da yatsa. Mayafinta da gefen wuyanta sun riga sun tafi. Ban sani ba ko ina da ikon hana shi, matarsa ce kafin ta zama uwarmu.

Kai ne babba, da sunanka ake kiransa Abu Ghayas, bai taɓa hana ka abu ba. Ka buga masa waya ka roƙi hoton, ka ce da sa hannu kake so. Na san abu mai nauyi muke nema, ya yarda ya gama da ita. Amma da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, kada ka jira wayar da ka saba yi ranar Juma'a. Yau da safe ya tambaye ni ko idanunta baƙaƙe ne ko ruwan zuma. Ni ma sai da na ɗaga kai na duba hoton.

Ka gaishe mini da Rima, da Tamim da ƙaramar Salma. Goggo Nahla tana sa muku albarka.

Ƙanwarka,
Wafa