Wutar Komawa Gida

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025

Yau ma mota ta ƙi tashi. Na murɗa makulli, ta yi ƙyat-ƙyat ta yi shiru. 'Yan dakon nan na bayan layin dogo ne suka tura ni, ɗayansu har da cewa, "Alhaji, ai mun saba." Na yi dariya, amma ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Bari in faɗi gaskiya ko a nan ne, tunda takarda ba ta kallon mutum. Tun kafin azumi kamfanin man gyaɗa na Chikaji ya sallame mu, mu 'yan sito. Ban gaya wa matata Raihana ba. Ban gaya wa Inna ba. Ranar na dawo da niyyar faɗa, na tarar Inna tana ba wata baƙuwa labarin ɗanta Hamza mai riƙe da makullan kamfani, sai na haɗiye maganar. Na ce gobe. Goben ce har yau.

Kullum da safe wanka, guga, hula, a ce min a dawo lafiya. In taso daga Samaru in zo Sabon Gari, in fake gindin dalbejiya, in kashe inji saboda tsadar mai. Sai in jona 'yar fankata a motar, in kunna rediyo, in sa waya caji ina neman aiki a cikinta. Kafin la'asar batir ya kwanta. Ni nake cinye shi, ba kowa ba.

Laraba, 9 ga Afrilu

Raihana ta zubo min shinkafa da wake a kula, har da kifi. Na ci a mota kamar ɓarawo.

Da na dawo ta ce maƙwabcinmu ya ce ya hango ana tura ni a gari. Na ce aike aka yi ni daga ofis, kuma batiran yanzu duk jabu ne. Na yi ta zagin masu yin batir har na gaji. Tana ɗaure ledojin ƙanƙararta tana jerawa a firiza, ko ɗagowa ba ta yi ba. Cewa kawai ta yi, "Allah ya kyauta."

Wannan firizar tata mai sola ita ke riƙe da gidan nan yanzu. Na sani, ina dai yin kamar ban sani ba.

Litinin, 14 ga Afrilu

Gobe Inna za ta ga likitan gwiwa a asibitin Shika. Na ce zan nemi izini a wurin aiki in zo in ɗauke ta da hantsi. Izini. Wurin wa?

Talata, 15 ga Afrilu

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Na ce yau ba zan kunna komai ba. Zafi ya yi zafi, na ce fanka kaɗai, na ɗan lokaci. Barci ya kwashe ni. Da na farka na murɗa makulli, shiru. 'Yan dakon sun tafi sauke tirela, ba kowa a wurin sai wata mai awara. Raihana tana ta kira, ina kallon wayar tana haske na kasa ɗauka. Me zan ce? Ina ina?

Kafin in samu masu turi rana ta take. Ashe ta gaji da jira, ta sa Inna a Keke Napep, da gwiwar nan da ba ta lanƙwasuwa, a cikin wannan rana. Suka isa an wuce layinsu, sai nan da mako biyu.

Na shiga gida na shirya shan faɗa. Inna tana kwance ta miƙe ƙafa a kan filo, ta ce, "Ku bar shi, aiki ne ya riƙe shi. Allah ya yi maka albarka, ɗan nan." Da marina ta yi da ya fi min sauƙi. Na fita bayan gida na tsaya kusa da tanki har aka kira magariba.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Raihana ta ce ranar Asabar za mu kai motar wurin Ogbonna mai wayarin, wanda ya haɗa mata solarta, kuma tare za mu je. Na ce tun yaushe mata suka fara bin maza gareji? Na ɗaga murya har Inna ta yi gyaran murya daga ɗaki. Mai laifi da saurin fushi.

Ta ce, "Abban Aishatu, uwarka ce ta hau Keke, ba tawa ba."

Asabar, 19 ga Afrilu

Mun je. Ogbonna haifaffen Sabon Gari ne, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan Samaru. Ya ɗora mitarsa a kan batir, ya sa na tayar, ya sa na kashe. Ya ce motar tana caji lafiya lau. Batirin ne ya galabaita, don an sha zuƙe shi har ƙasa, kuma batirin mota ba ya son haka, kowace zuƙa tana rage masa kwana. Ya ce tafiyar Sabon Gari zuwa Samaru ba ta isa ta mayar masa da abin da ya rasa. "Oga, akwai abin da ke shan wuta in motar tana tsaye."

Kafin in yi tunani bakina ya riga ni. Na ce masu gadin kamfani ne, ina ba su makulli suna cajin waya da jin rediyo. Ogbonna ya hau kai ya zauna. Ya ce mutanen nan ba su da tsoron Allah, in ina so ranar Litinin zai biyo ni ya yi musu magana da kansa. Bayin Allah da ba su ji ba, ba su gani ba, su ma an sallame su tare da mu. Na ce a'a, a bar su.

Raihana ce ta ce, ita solarta in batir ya yi ƙasa takan yi ƙara ta yanke da kanta, babu irin wannan na mota? Ya ce akwai mana. Ya ɗauko wata 'yar na'ura, ba ta fi gidan ashana biyu ba. Ya ce za a sa ta tsakanin batir da wayar da ke kai wuta ga rediyo da wurin caji. Tana lura da ƙarfin batir, in ya sauko inda aka saita ta sai ta yi ƙara ta yanke su, ta bar abin da zai tayar da inji. In mota ta tashi caji ya hau, ta mayar da wutar da kanta. Ya tambaya a ina zai saita ta, don in an sa ƙasa sosai ba ta da amfani.

Raihana ta ce, "Ka bar masu gadi su yi cajinsu. Amma ka rage masa abin da zai dawo da shi gida."

Ya haɗa ta, muka kama hanyar gida ta Kwangila.

Talata, 22 ga Afrilu

Na'urar ta yi kukanta na farko, jim kaɗan bayan azahar. Tsit-tsit-tsit, fanka ta tsaya, mai labarai ya mutu a tsakiyar magana. Na zauna gumi yana bin bayana. Na murɗa makulli don in gwada, mota ta tashi bugu ɗaya.

Sai kuma na rasa inda zan je. Lokacin tashi aiki bai yi ba. Da can mutuwar batir ce ke cinye min yamma, neman masu turi ma aiki ne. Na je masallaci na zauna har la'asar.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Na buɗe bonet da niyyar cire na'urar. Abu kamar gidan ashana ya riƙa gaya min lokacin tashi? Na kama wayar, na tuna ƙafar Inna a kan filo, na rufe.

Litinin, 28 ga Afrilu

Da ta yanke yau na kulle motar na taka cikin kasuwa. Rabon da in yi haka tun da aka sallame mu, kullum tsoron kada a gan ni. Ai kuwa aka gan ni. Remi, wanda muka yi sito tare, ya kafa tebur yana sayar da baƙin mai da tsumman goge mota, yana ta ciniki ba ruwansa. Ya rungume ni ya sayo min zoɓo. Ya ce shi ranar da abin ya faru ya gaya wa matarsa, ta yi kukanta, suka ci tuwo suka kwanta.

Sai ya ce, "Madam ɗinka kuwa jaruma ce. Matata ta je sayen ƙanƙara cikin azumi ta yi mata jaje, ta ce ai komai na Allah ne."

Cikin azumi.

Ban san yadda na gama zoɓon ba. Duk gugar nan, duk kular nan, duk a dawo lafiyar nan. Ta tsaya a gaban Ogbonna tana jin ina ɗora wa masu gadi, har ta taya ni. Ramin ƙarya ƙurarre ne, na sani tun ina yaro, amma ban san ni kaɗai ne a cikin nawa ba, ana leƙo ni daga sama.

Na dawo gida na kasa kallon idonta. Ta kawo ruwa, na ce na gode, kamar baƙo.

Talata, 29 ga Afrilu

Na kai Inna Shika. Mota ta tashi ba gardama. Ta ce in gode wa manyana da suka ba ni izini. Na ce to.

Alhamis, 1 ga Mayu

Ranar ma'aikata, an ba da hutu. Ni ma na huta.

Juma'a, 2 ga Mayu

Da safe ta miƙo min kula a bakin ƙofa, 'yarmu Aishatu ta riga ta tafi makaranta. Ban karɓa ba. Na ce, "Raihana, babu aikin."

Ta ce, "Na sani."

Na ce matar Remi ko? Ta ce matar Remi ta makara. Wai tun makon farko rigunana suka daina ƙanshin gyaɗa, ita da ke wanke su shekara da shekaru. Na ce to me ya hana ki magana, kika bar ni ina ta wasan yara? Har da ɗan zafi na faɗa, kamar ita ce mai laifin.

Ta ajiye kular a kan tabarma. Ta ce, "Maganarka ce, ba tawa ba. Na ce in na riga ka faɗa, ba za ka ƙara iya kallona ba. Amma ranar Inna na tsorata. Ina ta kira ba ka ɗauka. Na ce wata rana mutumin nan zai rasa mai tura shi, kunya kuma ta hana shi kiran gida, shi ke nan."

Ban taɓa kuka a gabanta ba sai yau. Ba ta rarrashe ni ba, ta bar ni na gama. Sannan ta ce, "Inna kuwa kai za ka gaya mata. Wannan ba zan ɗaukar maka ba."

Litinin, 5 ga Mayu

Na gaya wa Inna. Ta daɗe tana jan carbi. Sai ta ce, "Ranar da na hau Keken nan, kana ina?"

Na ce, "Gindin bishiya, Inna. Barci nake."

Ta juya ta fuskanci bango. Yau ba a sa min albarka ba.

Laraba, 7 ga Mayu

Mai Keken da ke kai wa Raihana ƙanƙara kasuwar Sabon Gari ya yi tafiya. Ta ce ko zan taimaka, tunda na san hanya. Ban san ko tsokana ce ba. Na shimfiɗa buhuna a but ɗin mota, na kai. Masu lemo da masu kifi, kowa "Oga, nan, nan." Na ja hula har gira.

Inna tana amsa gaisuwata, iyakarta ke nan.

Talata, 13 ga Mayu

Taimako ne kawai nake yi kafin wani abu ya samu. Na gaya wa Raihana haka, ta ce ai ta sani. Sawu biyu yanzu, safe da azahar, kuma na samo mata masu kifi uku a layin su Remi. Ba wani abu ba ne.

Na biya wurin Ogbonna na ce ya duba na'urar nan, kwana biyu ban ji kukanta ba, ko ta lalace. Ya gwada ya ce lafiyarta ƙalau, ba ta da abin yankewa ne. Ya ce masu gadin sun shiryu ke nan? Na ce babu wasu masu gadi, ni ne. Ya dube ni, ya dubi buhunan da ke ɗiga a but, ya ce gobe in kawo masa ƙanƙara biyu.

Fankar na cire ta daga mota tun shekaranjiya, na jona wa Inna a ɗakinta da batirin sola. Har yanzu dai ba ta kashe ba.

Yau da safe ina lodi, maƙwabciyarmu ta shigo gaishe ta. Ina jin su ta taga. Ta tambaya wai Hamza ya canja aiki ne? Na tsaya da buhu a hannu, ruwan sanyi yana bin hannun rigata. Inna ta ce, "Ƙanƙara yake kaiwa. Duk Sabon Garin nan shi ke ba su."

Duk Sabon Gari. Inna ke nan.

Na rufe but na tafi, don rana ta fara yi kuma ƙanƙara ba ta jira. Sai da na kai Kwangila na lura na bar hular a gida.