Babu Hanyar Komawa Bakin Mayo

Zuwa ga mahaifiyata, Dada,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo miki gaisuwar ɗa ga uwarsa, da fatan kina cikin rahama da sauƙin kwanciya. Mu nan Mubi lafiya lau muke, in dai cin tuwo da zuwa aiki shi ake kira lafiya. Damina ta sake zagayowa, an gama noman farko a ƙauyenmu Digil.

Dada, tambaya ɗaya ce ta hana ni sakat tun da kika tafi. Ke kika yi ta dakon wake da gyaɗa zuwa kasuwar Mubi har na zama malamin kimiyya, don haka ke ya kamata in kawo wa amsar. Shin mutum zai iya komawa jiya? Ba a mafarki nake nufi ba. Da ƙafafunsa, ya je ya tsaya inda ya tsaya, ya gyara abin da ya ɓata.

Na san dariya za ki yi, ki ce abin da kika saba cewa: "Buba, boko ya kwance maka kai." Yi haƙuri ki saurare ni, wata goma sha ɗaya na yi ina tonon littattafai, har waɗanda na gudu na bari a jami'a.

Gaba dai ana zuwa. Lokaci ba ya tafiya daidai ga kowa, agogon mai tsananin gudu yana jinkiri a kan na wanda ke zaune. An gwada an gani, ba tatsuniya ba ce. Da za a sa ni a jirgin da gudunsa ya kusa na haske, in ɗan zaga in dawo, sai in tarar jikokina sun yi furfura. To me zan je yi a gaba, Dada? Ba kya can.

Baya kuwa a takarda kawai take. Lissafi ya bar wata 'yar kafa, wai ana iya samun rami da zai haɗa wani lokaci da wani, amma riƙe bakinsa a buɗe yana buƙatar wani irin abu da ba wanda ya taɓa tara ko cikin cokali. Na ce ba komai, wataƙila wani mai ƙwaƙwalwa ya ƙera ina da sauran numfashi. Sai na ci karo da layin da ya karya ni: ko an ƙera irin wannan na'ura, ba za ta kai mutum baya ta wuce ranar da aka ƙera ta ba. A ɗakin malamai nake lokacin, da rana tsaka. Na kifa kai a kan tebur, abokan aiki suka ɗauka zazzaɓi ne, har wani ya miƙo mini magani.

Abu ɗaya aka bar mini, shi ne gani. Hasken rana yana yin kusan minti takwas kafin ya iso mu, ke nan ranar ɗazu muke gani. Haka hasken da ya tashi daga jikinki a waccan safiyar yana nan yana tafiya cikin sararin sama. Da akwai wani can nesa mai ido mai ƙarfi, yanzu yake ganin ki a bakin mayo, wato kogin ƙauyenmu, kin tattare zani, takalmi a hannu. Ina ƙyashin mutumin nan, ina kuma tausayinsa, don ko zai fasa maƙogwaro da ihu ba za ki ji ba.

Ni ba shekara nake roƙo ba. Minti biyu na waya kawai.

Ke kin san abin da ya faru, amma ban taɓa faɗa da bakina ba, bari in faɗa. Yanar ido ta fara rufe miki idon hagu. Na samo miki layi wurin likitan ido da ke zuwa gari sau ɗaya a wata, na kira ki da hantsi na ce ki fito. Kika ce ba yau ba, kan dutse ya yi baƙi da hadari tun asuba.

Babu wanda ya tashi a ƙauyenmu da bai san wannan ba. Ruwan da ke cika mayonmu ba a kanmu yake sauka ba, can kan duwatsu yake zuba ya gangaro babu sallama. Sau nawa kika murɗe mini kunne a kai? "In kan dutse ya yi baƙi ba a shiga mayo, ko da rana tana dukan ka." Na haddace shi tun kafin in haddace baƙaƙe.

Amma na duba waya, ta nuna mini rana, babu ruwa a Mubi. Na yi miki dariya, har da tsokana, wai ke mai ido ɗaya da rabi za ki fi na'ura gani? Na ce in kika rasa yau sai wata mai zuwa, ga shi na riga na nemi izini a makaranta. Sai kika ce, "To, Malam, ina zuwa."

Wayar ba ta yi ƙarya ba, Dada. Ko ɗigo bai sauka a Mubi ba ranar. Ina zaune a benci a ƙofar asibiti, ina duba agogo, ina jin haushin kin makara.

Washegari aka same ki, can ƙasa, a jikin wani ɓaure da ruwa ya kayar. Wayarki ba a gan ta ba har yau.

Ko a nan sai da kika kare ni. Yayata, Adda Hauwa, tana rijiya lokacin da na kira, kuma ba ki gaya mata ba. Kin ce mata kawai kin sake shawara. Ta hana ki, kika ƙi. Ta raka ki bakin mayo, ta ga ruwa bai wuce ƙauri ba, ta juya da sauri don ta bar tukunya a wuta.

Ranar sadakar uku, a gaban jama'a, ƙanen Baba, Bappa Sali, ya dube ta ya ce ita da take babba, ta ga dutse da idonta, ta bar tsohuwa ta shiga ruwa. A tabarma ɗaya nake zaune da shi ina karɓar gaisuwa. Ban ce uffan ba.

Da kin ga Adda yanzu, da ba ki gane ta ba. Ta rame, ta daina zuwa kasuwa, ko da rani da mayo ya koma yashi zalla ba ta tsallaka shi. Duk zuwan da na yi sai ta kama hannuna tana kuka, ta ce in yafe mata, ita ta raba mu da uwa. Ni kuma in ce na yafe. Kin ji fa, Dada. Ni nake ce mata na yafe.

Liman ya ce ajali ba ya gaba ba ya baya, kuma na yarda har cikin raina. Amma halin da Adda ke ciki ba ajali ba ne, ni ne. Na daɗe da sanin dalilin da ya sa na rungumi littattafan nan. So nake in koma in goge abin a ɓoye, ba tare da kowa ya san ni na yi ba. Neman ramin lokaci ya fi mini sauƙi a kan in zauna gaban yayata in buɗe baki. Ɗanki mai ilimi matsoraci ne, Dada.

Ɗazu mijinta ya kira ni. Tun da ruwan bana ya kankama take ƙin abinci, yau kwana uku ke nan ba abin da ya shiga cikinta sai ruwa. Ina tsoro, wallahi ina tsoro. In na faɗa mata, wataƙila ba za ta ƙara ɗaga ido ta dube ni ba, ita da ta goye ni. In na yi shiru, zan binne ta a gefenki da hannuna, kuma babu littafin da zai dawo mini da ita.

Shi ya sa na saka wasiƙar nan inda mutane za su gani, har da 'ya'yan Bappa, don kada zuciyata ta sake samo mini uzuri. Da an tashi makaranta zan hau mashin zuwa Digil. Ina so in riga labarin isa, ta ji daga bakina.

Allah ya jiƙan ki, Dada, ya haskaka makwancinki, ya karɓi shahadarki. Allah ya ba Adda lafiya, ya sauke mata kayan da ba nata ba. Ni kuma ya ba ni ƙarfin faɗa har ƙarshe ba tare da na rage komai ba. In ta ƙi yafe mini, haƙƙinta ne, ya Allah, ka sa dai ta ci abinci.

Ɗanki da kika rufa wa asiri,
Buba